Kashi Biyar Cikin Ɗari na Alhaji Ɗalhatu

Tun da aka shiga watan ƙarshe na gwajin aikinta, Muhsinat ta daina zama. A tsaye take shan shayi, a tsaye take cin tuwo, ko sallah ta idar ba ta gama jan carbi sai ta miƙe ta hau zagaye falo. Falon kuwa duka-duka nawa yake? Ɗan fulat ne mai ɗaki biyu a unguwar Al Buteen da ke Dubai, in ka leƙa taga sai ka hango ruwa ta tsakanin shagon mai turare da wani tsohon otal. Ta je bango ta dawo, ta je ta dawo, har ni mai kallo jiri ya fara ɗibata.

"Ke, ki zauna mana. Za ki tayar min da hawan jini."

"Goggo, ba zan iya ba."

Ni ce goggon, Suwaiba, yayar ubanta. Lokacin da ta samu aiki a Dubai, ƙanena Alhaji Ɗalhatu ya ce 'yarsa ba za ta zauna ita kaɗai a garin mutane ba, aka ɗauko ni daga Yakasai da ciwon gwiwata aka haɗa mu. Garin kuwa ya karɓe ni, don a yankinmu na Deira ba a kwana biyu ba a yi abin faɗa ba.

Aikin nata a wani dogon gini ne na gilashi a unguwar Port Saeed, kamfanin masu yi wa gwamnatoci bincike. Su biyu aka ɗauka gwaji, ita da wata 'yar Indiya, kujera kuma ɗaya ce. A ƙarshen wata kowacce za ta tsaya gaban manya ta yi bayanin abin da ta binciko. A nan garin bizarka a jikin aikinka take. In aikin ya tafi, biza ta bi shi, sai haɗa akwati. Yarinyar nan kuwa shekara biyu ta yi a Kano tana yawo da takardu kafin wannan ya faɗo mata.

Ana cikin haka sai ga Ɗalhatu ya sauka, ya zo saro takalma kamar yadda ya saba. Muka ba shi ɗakina, na koma nata.

Ranar Asabar bayan la'asar ta jawo mana kujeru, ta ɗora kwamfuta kan tebur.

"Abba, Goggo, ku zama manyan ofishinmu. In na iya fahimtar da ku da Hausa, to zan iya da Turanci. Amma don girman Allah maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, mun sa hannu kan riƙe sirri."

Tana faɗa tana kallona. Ni ta kalla! Ubanta ko gefen ido bai samu ba.

Ta nuna mana wasu sanduna masu launi, kowace da tuta a gindinta, wata doguwa wata guntuwa.

"Ƙasashen nan ƙawayen juna ne. Sun ƙulla alkawari, in aka taɓa ɗaya an taɓa duka. Rigimar da ke tsakaninsu ita ce, wa ke kashe wa sojansa kuɗi tsakani da Allah, wa ke laɓewa a bayan 'yan'uwa."

"Wannan ai ba sai an je jami'a ba," in ji Ɗalhatu. "Amurka ce."

"A yawan kuɗi ita ce, Abba, ba mai kama ƙafarta. Amma ba haka ake aunawa ba. Ana haɗa duk abin da ƙasa ta samar a shekara, noma, masana'antu, ciniki, komai, sai a ga kashi nawa cikin ɗari ta ware wa soja. In aka bi ta nan, Poland ta sha gaban Amurka."

"Wa?"

"Poland."

"A wace nahiya take? Tun kina goye nake harkar kago, ina shigo da kaya daga waje, ban taɓa jin an ce ga kwantena daga Poland ba."

"Na gane," na ce. "Kamar Hajiya Shamsiya mai gwal ke nan. Ta kawo turmi biyu a biki a yi ta rangaɗa mata guɗa, alhali shagonta uku."

"Goggo, ni ban kira sunan kowa ba."

"Ni na kira."

Ta ci gaba. Da bakinta ya buɗe sai ta manta da fargaba, ta shiga zuba kamar mai karanta labarai. Har ta nuna mana wata 'yar guntuwar sanda can ƙarshen layi, ta rage murya ta ce ƙasar nan ita ta ba kamfaninsu aikin, kuma manyan na ta tunanin yadda za su gaya mata gaskiya ba tare da ta yi fushi ba. Sunan ƙasar na sani, amma an sa ni na dafa Alƙur'ani, don haka ku yi haƙuri.

Ɗalhatu ya shafa gemu.

"Wato su mutanen nan ba girman abu suke dubawa ba. Sai sun auna shi da ƙarfin mai bayarwa."

"Haka ne, Abba! Wallahi ka gane!"

Ta yi tsalle kamar 'yar firamare. Shi ma ya ji daɗi, sai dai 'yar fari ce, ba ya kiran sunanta balle ya yabe ta a gabanta. Hula kawai ya gyara ya ce a kawo masa ruwa.

To ni kowace safiya ofishin kago na Zainul Abideen nake zuwa, a nan Deira. Ba ni da kaya, amma a can matan Kano ke zama kan katan-katan suna jiran a auna musu, kuma akwai sanyin na'ura. A can na san Rauf, mutumin zangon Kumasi, mai gadin ƙofar ginin su Muhsinat, yana zuwa aika wa matarsa saƙo. Rauf ba ya iya riƙe magana, shi ya sa jininmu ya haɗu. Shi ya gaya min cewa ranar wani bikin Indiyawa, 'yar Indiyar nan ta shigo da kwalin alawa mai ƙyalli, kuma ogan su Muhsinat ya ci har yana lashe yatsa. Ogan wani dogon Bature ne siriri, kullum da gorar ruwa a hannu kamar mai tafiyar sahara. Mai Gora muke ce masa.

Da rana ina zuba wa Ɗalhatu abinci na ba shi labarin, kamar yadda aka ba ni. Ko na ɗan ƙara girman kwalin, bai wuce kaɗan ba.

Ya ajiye cokali.

"Yaya, ashe ana can ana kamun ƙafa mu muna nan muna kallon sanduna?"

"Ni dai abin da na ji ke nan."

"A ina aka taɓa neman kujera, uban yarinya yana gari, bai je ya gaida mai ba da kujerar ba? Sai a ɗauka ba ta da kowa."

Bai ƙarasa abincin ba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa taga, ya danna waya yana motsa baki, ya sake shiga. A nan na gane inda Muhsinat ta gado zagayen falo.

Abin da ya faru ranar Litinin ban gani da idona ba, amma baki uku na ji shi: Zainul Abideen da ya yi tafinta, da Rauf, da matar da ke dafa musu shayi a ofis. Inda suka saɓa na ɗauki wanda ya fi daɗi.

Ɗalhatu ya ci babbar riga mai aska takwas, ya biya kasuwar gwal ya sayi agogo, ya haɗa da shadda da ƙunshin kilishin da ya zo da shi daga Kano. Rauf da ya ga dattijo da irin wannan shiga, aka kuma ce masa uban ma'aikaciya ne, har lifta ya danna musu. Muhsinat tana wani bene ana taro, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Aka kira Mai Gora, ya fito wurin karɓar baƙi da murmushinsa.

"Zainu, gaya masa ni ne mahaifin yarinyar nan. Gaya masa amana na kawo masa."

Zainu ya juya da Turanci. Mai Gora ya ce madalla, yarinya ce mai ƙoƙari.

Ɗalhatu ya buɗe akwatin agogon ya ɗora kan tebur.

"Gaya masa na san al'adarsu, su ba yawa suke dubawa ba. Agogon nan kashi biyar ne cikin ɗari na duk jarin da na shigo da shi a wannan zuwan. Da kaina na lissafa. Ya je ya duba sandunansu, ko Poland ba ta kai haka ba."

Zainul Abideen mutum ne mai son a ji Turancinsa. Maimakon ya tace, sai ya ƙara gishiri. Mai shayi ta ce a nan murmushin Bature ya fara bushewa, ya mayar da hannayensa baya da gorar da komai, kamar an ajiye masa maciji.

Ɗalhatu ya ɗauka kunya ce irin ta manya, sai ya ƙara matsawa da raha.

"Balle ita waccan da ta ba ku aikin, da take can ƙarshen layi." Ya kira sunan ƙasar, raɗau, a gaban mai shayi da masu jiran lifta. "Ku gaya musu gaskiya kawai, rowa ba ta da kyau."

Wannan ko tafinta bai buƙata ba, sunan ƙasa ai sunan ƙasa ne. Mai Gora ya yi ja har kunne. Ya tambaya a hankali, wa ya gaya wa Alhaji wannan?

Ɗalhatu ya dafa ƙirji.

"'Yata mana. Ba ta ɓoye min komai."

Kafin azahar sai ga Muhsinat ta turo ƙofa. Ba kwamfuta, ba katin da take ratayawa a wuya, sai wata jakar kamfani da agogo da shadda da kilishi a ciki. Ta ajiye a gaban ubanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Bango ta nufa ta dawo.

"Ya raina ne?" in ji Ɗalhatu.

"Abba, su cin hanci suke kiransa."

"Hanci? Ni? Gaisuwa ce! Ita waccan da ta kai nata fa?"

"Alawa ce, Abba. A faranti aka zuba a tsakiyar ofis, har mai shara ya ɗauka." Ta juyo. "Wa ma ya kawo maganar alawa gidan nan?"

Na tuna na bar miya a wuta.

Daga kicin ina jin su. Ta ce agogon ma da sauƙi, sunan ƙasar ne babbar magana. An dakatar da ita, za a yi bincike. Shi kuma yana ta maimaita cewa shi alheri ya je yi, a garinsu ko gidan Alƙali ka je ba ka zuwa hannu rabbana.

Kwanakin da suka biyo baya gidan nan ya zama tasha. Ita tana zagaye falo, shi yana zagaye baranda, in suka haɗu a ƙofa kowa ya kauce. Waya ta yi ƙara mu uku mu zabura, a duba a ga tallan kamfanin waya ne. Takalman da ya zo saye ko kasuwar Naif bai leƙa ba. Ni kaina na kasa zaman ofishin Zainu, don da na shiga mata ke yin tsit, kuma ba abin da ya fi min ciwo irin a yi tsit da labarin da na fi kowa sani.

Da suka kira ta, wata mata mai kula da ma'aikata ta ba ta hanya. Ta ce ko dai mahaifinki ne ya buɗe kwamfutar ba da saninki ba? Muhsinat ta ce a'a, ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani da bakinta. Da ta gaya min na ce, "Ke ma dai, an miƙo miki tsani." Ta ce, "In ce Abba ɓarawo ne, Goggo?"

Wataƙila gaskiyar ce ta yi musu daɗi, oho. Ranar Talata ta sama suka ce ta dawo. An cire ta daga aikin waccan ƙasar, amma za ta yi bayaninta ranar Alhamis da alƙaluman da kowa ke iya samu. Sharaɗi ɗaya suka kafa, kuma suka nanata: duk ranar da wani nata ya sake taka ofishin nan, ko ya nemi wani ma'aikaci, a ranar za ta tafi.

Ta zo gaban ubanta ta durƙusa. Ina kallon bakinta yana neman hanyar da zai bi.

"Abba, sun ce komai ya wuce. Ba sai an sake wahalar zuwa ba."

"Alhamdulillahi. Ɗan halak ne Baturen nan."

Shi ke nan abin da ta iya. Da ya fita masallaci ta kama hannuna.

"Goggo, ke yayarsa ce. Ki faɗa masa ɓaro-ɓaro. Kada ya je."

Na kuwa faɗa masa, Allah ne shaida. Na ce, "Ɗalhatu, an ce in ka sake zuwa korarta za a yi."

"Yaya, ke ba ki san sha'anin manya ba. Mutum ka ɓata masa, ya yafe, sannan ka naɗe ƙafa a gida? Ba ban-haƙuri, ba godiya? Sai ya ce ba mu da tarbiyya, ya riƙe yarinyar a zuci."

"An ce kada ka je."

"Ni kaɗai ai ba zan koma ba, na san na yi kuskure. Irin wannan da dattawa ake zuwa."

"Ɗalhatu!"

"To, na ji."

Na san wannan "na ji" tun yana yawo ba wando. Amma Laraba ta wuce lafiya, har ya je ya ga takalma, sai na saki jiki. Muhsinat na ce mata an gama, don ta samu ta yi barci.

Ranar Alhamis ta fita da sassafe, ta sa baƙar abaya da sabon mayafi, leɓenta na motsi tana bitar ƙasashe. Shi ma ya ce zai je awon kaya. Da hantsi na lallaɓa ofishin Zainu, sai na tarar ba Zainu, yaransa na ta naɗe kwali da salatif, mata kuwa yau ba su yi tsit ba, rige-rigen gaya min suke.

"Hajiya, ba ki tafi da su ba?"

"Su wa?"

"Su Alhaji mana. Shi da Alhaji Nasrullahi da wasu biyu, duk an ci manyan riguna, turare kamar za a ɗaurin aure. Sun shiga motar Zainu, wai za su biya su ɗauki Malam Abdulganiyyu liman, a je a ba Bature haƙuri."

Ban san lokacin da na fito titi ba. Gwiwar da ke hana ni ruku'u ranar ko tunawa da ita ban yi ba. Na ɗaga wa tasi hannu, ta wuce, wata ta wuce, ta ukun na kusan shiga gabanta. Na ce wa direba, "Port Saeed, yalla yalla!" Ya ce, "Shwaiya, mama," wai in yi a hankali. Titin Baniyas a cushe, motoci na tafiya kamar masu rakiyar gawa, ga jiragen ruwa na katako a gefe ana ta loda musu firji da tayoyi hankali kwance.

Na kira Ɗalhatu, bai ɗauka ba. Na kira Zainu, ya kashe. Na kira Rauf.

"Rauf, ɗan albarka, ga su nan tafe. Ka tare ƙofa."

"Hajiya, chale, ni ma an ja min kunne kan na farkon. Amma liman fa? Ni in sa hannu a ƙirjin liman? Ban iyawa."

"To hau ka kira min ita."

"Yanzu za su shiga ɗakin taro."

"Ka ce mata goggonta ta faɗi a titi!"

Allah ya yafe min, amma da wannan ta sauko.

Abin da ya cece mu rawanin Malam Abdulganiyyu ne. Bawan Allah nan ba ya fita sai ya naɗa ya warware ya sake naɗawa. Tasi na ajiye ni, motar Zainu na tsayawa a wurin ajiye motoci, Muhsinat na fitowa daga ƙofar gilashi a guje tana waige-waigen inda na faɗi. Ta gan ni a tsaye garau. Sannan ta gan su.

Dattawa biyar, riguna na ɗaukar ido a rana, liman a gaba, ubanta a damansa, Zainu a baya yana gyara murya. Tsakaninsu da ƙofar bai fi jifan dutse ba. Ta cikin gilashi ana hango lifta tana buɗewa tana rufewa, kowane lokaci Mai Gora ko wani nasa zai iya fitowa.

Ta sha gabansu. Ta durƙusa a kan dutsen nan da rana ta gasa, ta gaida liman, ta gaida sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Tashi ki koma bakin aikinki," in ji Ɗalhatu, ko kallonta bai yi ba. "Mu da oganki za mu gana."

"Abba, don Allah ku koma."

"Ba daɗewa za mu yi ba. Malam zai yi magana biyu, a yi addu'a, khalas."

Ya ɗaga ƙafa zai kewaye ta. Ta miƙe tsaye ta sake tare shi.

"Abba, ba za ku shiga ba."

Liman ya yi tari. Alhaji Nasrullahi, wanda shagonsa ke kallon na Ɗalhatu a Ƙofar Wambai kuma ba sa ga-maciji a ciniki, ya ɗaga kai yana ƙirga benayen ginin.

"Me kika ce?"

"Na ce ba za ku shiga ba. In ƙafarka ta taka ƙofar can, yau za a kore ni. Zuwanka na farko ne ya jawo duk wannan, Abba. Kada ka ƙara."

Kowa ya ji, har Rauf da ke riƙe da ƙofa yana kallon takalminsa. Ni da na yi goyon Ɗalhatu, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya kalli liman, ya kalli Nasrullahi, sannan ya kalle ta.

"A gaban mutane?"

"Na faɗa a ɗaki, Abba, ba ka ji ba."

Hawaye suka zubo mata, amma ba ta matsa ba. Liman ya taɓa hannun rigarsa.

"Alhaji, addu'a ai daga ko'ina tana zuwa. Mu yi ta a mota."

Ɗalhatu ya tattara babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya juya. Ya yi gaba. Suka koma motar ɗaya bayan ɗaya, Zainu ne kawai ya waiwayo, da alama Turancin da ya tanada ne ke masa ciwo.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta kaɗe gwiwar abayarta.

"Goggo, ashe ba ki faɗi ba."

"Saura kaɗan. Wuce, ana jiranki."

Ta shiga da gudu.

Kujerar dai 'yar Indiya aka ba. Amma Rauf ya ce mai shayi ta ce yarinyarmu ta yi bayani har Mai Gora ya manta gorarsa a kan tebur. Suka ba ta kwantiragin shekara a wani sashe na ƙasa, inda ba a taɓa sirrin kowa. Albashin bai kai wancan ba, amma biza ta tsira, tawa ma haka.

Ɗalhatu bai kwana gidan ba. A ranar ya aiko aka ɗauki jakarsa zuwa otal ɗin da muke hangowa ta taga. Ya auna takalmansa, ya hau jirgi, ba sallama. Agogon ma Zainu ya bar wa ya mayar.

Na ɗauka yanzu za ta zauna. Ina! Zagayen ya dawo sabo, sai dai yanzu da waya a hannu. Ta nemo lambarsa, ta kalla, ta kife wayar. Ta tura masa gaisuwar Juma'a, aka nuna ya gani, ba amsa. Na ce ta kira, ta ce da wane baki. Shi ma na kira shi na yi masa tatas, ya ce min layi ba kyau.

Aka kwashe makonni a haka. Ran nan da yamma muna tsinke alayyahu sai ga saƙon murya daga uwarta, Halima. Na kunna da ƙarfi, don ni ba na sauraron saƙo a kunne.

"Yaya, ina wuni. Wai ni me kuka yi wa Alhaji a Dubai ne? Tun da ya dawo ya buɗe makaranta a ƙofar shago. Kullum mutane cike, ya samo sandunan rake ya yayyanka dogo da gajere ya jera a benci, wai wannan Amurka, wannan Poland. Wai 'yarsa ce ke auna sojan duniya, Turawa ma sai sun tambaye ta. Jiya har wani yaro ya ɗauke shi a waya zai sa a intanet..."

Muhsinat ta saki alayyahun.

"A intanet? Goggo, me yake faɗa musu? Innalillahi!"

Ba ta tsaya neman baki ba. Ta fizgi wayarta ta danna, ta sa a sifika. Ko ƙara ɗaya ba ta gama yi ba aka ɗauka. Hayaniyar kasuwa ta cika mana falo, da muryar wani yana tayin takalmi.

Kafin ta yi sallama ya riga ta.

"Ban faɗi sunan ƙasar ba," in ji Ɗalhatu. "Nasrullahi ya yi ta bugun cikina, ban faɗa ba. Kina jina?"

"Ina ji, Abba."

"To. Ya aikin?"

Ta laluba bayanta ta samu hannun kujera, ta zauna.